Lambobi Sittin na Ranar Asabar

Sunan da aka raɗa masa yana nan a katin aikinsa, amma ba mai kiransa da shi. Tun yana ɗan shekara bakwai ake ce masa Kwance, daga ranar da ya zauna a tsakar gida ya kwance rediyon mahaifiyarsa, ya jera kayan cikinta a kan faranti. Uwar ta ɗauko tsintsiya za ta make shi. Uban, wanda gyaran agogo ne sana'arsa, ya riƙe mata hannu, ya leƙa farantin, ya ga yaron ya ware manyan noti gefe guda, ƙanana gefe guda. Ya ce a ƙyale shi. Da yamma suka zauna su biyu suka mayar da rediyon, ta yi magana, ko da yake noti biyu sun rage a faranti ba a san gurbinsu ba har yau.

A ranar ne Baba ya faɗa masa maganar da ta zame masa jagora, ta kuma zame wa danginsa ƙarfen ƙafa. Ya ce, "Duk abin da ba za ka iya buɗewa ba, ba naka ba ne. Ajiya aka ba ka."

Yanzu Kwance ya haura arba'in da biyar, da mata da 'ya'ya uku da furfura a gemu. Shi ke kula da kwamfutocin wata maɗaba'a. Ofishinsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin injin buga takarda da wuƙar yanka, inda warin tawada ke bin rigar mutum har gida. A gaban idonsa ma'aikata na ce masa Injiniya. A bayan idonsa sukan ce notin kansa ne ya fara kwancewa kafin na rediyon. Laifinsa a wurinsu shi ne ya raba kwamfutocin wurin guda shida da manhajojin da kowa ya saba da su, ya zuba musu abin da yake kira manhaja mai 'yanci, wato wadda aka bar rubutunta a fili, kowa na iya dubawa ya ga abin da take yi, ya gyara, ya ba wani. Aiki bai tsaya ba, gaskiya, har ma ya ɗan fi sauri. Amma wanda ya tambaye shi ina aka mayar da maɓallin buga takarda sai ya sha wa'azin rabin awa.

Waya kuwa, ba ya sayen sabuwa. Yakan bi shagunan tsofaffin wayoyi da ɗan littafinsa a aljihu, yana neman irin wadda ake iya cire mata marfin baya, a goge duk abin da kamfani ya zuba mata, a sa mata wani. Masu shagunan sun san shi, in sun hango shi sukan ɓoye kujera. Manhajar aika saƙo ma ba ya ɗauka sai ya yi mata tambayoyi kamar mai neman wa 'yarsa miji. Wa ya rubuta ta? Saƙon a kulle yake tun daga wayata har wayarka, ko akwai mai buɗewa a hanya? In masu ita suka sayar da ita gobe, ina za mu? Cikin shekara shida sau huɗu ya yi ƙaura daga wata manhaja zuwa wata, kuma kowace ƙaura sai ya zubar da 'yan uwa a hanya kamar mai kwasar kaya da buhu mai huji.

Dangi suna da zaurensu a manhajar nan da duk duniya ke ciki, mutum tamanin da wani abu, ana ta barka da ta'aziyya da faɗan da ba ya ƙarewa. Kwance ba ya ciki. Yakan ji labarin haihuwa bayan jariri ya fara zama. Mutum uku ne kawai suka bi shi har ƙaura ta huɗu. Matarsa, malamar makaranta, ta raba gardama da wayoyi biyu a jakarta, ɗaya tana ce mata wayar aure, ɗaya wayar duniya. Yayarsa, wadda ta koma gidan mahaifinsu da keken ɗinkinta bayan rasuwar mijinta, ta karɓa tana mita. Sai Baba. Shi tambaya ɗaya ya yi da aka miƙa masa wayar.

"Ana buɗe bayanta?"

"Ana buɗewa, Baba."

Ya sa farce ya ɓalle marfin, ya duba batir, ya mayar. Ya ce ta yi.

A nan ya kamata a faɗi wani abu da Kwance ba ya rubutawa a littafinsa. Gidan Baba a ɗaya gefen garin yake, mota biyu ake hawa, tafiyar awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau. Ba nisa ba ne na a zo a gani. Amma tun rasuwar mahaifiyarsu zuwansa ya koma sau uku ko huɗu a shekara, kuma ko ya zo yana zaune ne a bakin kujera da takalmi a ƙafa. Ba faɗa suka yi ba. Aiki ne, da yara, da sati mai zuwa wanda ba ya zuwa. Baba kuma ya doshi tamanin, kuma irin mutanen nan ne da sun gwammace haƙori ya ruɓe a bakinsu da su ce yana ciwo. Bai taɓa ce wa ɗansa zo ka gan ni ba, kuma ba zai faɗa ba.

To, masu irin aƙidar Kwance suna da wata al'ada. Manhajar da ya zaɓa takan ba kowane mutum biyu da ke hira wata lambar tsaro, lambobi sittin, a jere biyar-biyar. In abin da ke wayarka ya yi daidai da na wayar abokin hirarka, to ba wanda ya shiga tsakaninku. Yawancin jama'a ba su ma san da lambar ba. Su Kwance kuwa ba sa yarda sai sun haɗu ido da ido sun gwada. Ta waya ba ta yiwuwa a wurinsu, don a cewarsa yanzu murya ma ƙera ta ake yi. Kuma in aka goge manhajar aka sake sa ta, lambar takan canza, wayar ɗaya ɓangaren ta yi gargaɗi. Dokar Kwance ita ce, daga lokacin da gargaɗin ya fito, ba ya aika komai, ba ya buɗe komai, sai an sake gwadawa.

Ranar wata Asabar ya je gidan Baba don su gwada. Akwai hanya mai sauƙi, a haska kyamarar wannan waya a kan fuskar waccan, cikin ƙiftawar ido an gama. Baba ya ce shi bai san wannan ba.

"Abin da ban karanta da idona ba, ta yaya zan ce na gani? Miƙo min gilashina."

Gilashin shi ne ɗan madubin nan na masu gyaran agogo da ake maƙalawa a ido ɗaya. Ya zauna a tsohon teburin aikinsa kusa da taga, agogunan bango bakwai suna ta ƙas-ƙas a kansa, waɗanda masu su suka kawo gyara shekaru da yawa ba su dawo ba. Ya fara karantawa, Kwance na bi a tasa wayar yana cewa daidai. Sai dai Baba ba ya wuce lamba biyar bai tsaya ba. Bayan biyar ɗin farko ya tambayi jarrabawar babbar jikarsa. Bayan ta biyu ya ba da labarin wani direba da ya taɓa kawo masa agogo cike da yashi. Lambobi sittin suka ci kusan awa guda. Kafin su gama Yaya ta sauke abinci, kuma ba a tashi a bar abinci. Kwance ya koma gida da yamma yana gaya wa matarsa cewa tsohon ya fi matasa da yawa fahimtar tsaro.

Wata biyu bayan haka, yana cikin lungunsa, wayarsa ta nuna masa cewa lambar tsaronsa da Baba ta canza. Ya kira Yaya.

"Wa ya taɓa wayar Baba?"

"Ni ina ruwana da wayarku? Ɗinki ne a gabana."

"To kada kowa ya yi amfani da ita. Ina nan zuwa Asabar."

Ya je, ya tarar an goge manhajar an sake sa ta. Ya tambayi Baba, Baba ya ce shi dai ya ga ta yi wani iri. Aka ɗauko gilashi, aka karanta, aka ci abinci. Bayan sati huɗu lambar ta sake canzawa. Daga nan ta koma duk sati uku, kamar an saita ta.

Kwance ya ɗauki abin da zafi, don mutuncinsa ne a ciki. Ya canza batir. Ya canza ɗan katin ajiya. Ya zargi matan da ke kawo wa Yaya ɗinki, har ta ce in ya ƙara za ta ɗinke masa baki da baƙin zare. Ya rubuta doguwar takarda ga masu rubuta manhajar, ya lissafa ranaku da irin wayar, wani bawan Allah daga wata ƙasa mai nisa ya yi sati biyu yana gwadawa, ya dawo ya ce shi tasa ba ta yi. Duk wannan lokaci kuwa, kusan shekara guda, Kwance na cin abincin rana a gidan mahaifinsa duk bayan sati uku. Ya san lokacin da ƙafar Baba ta kumbura da lokacin da ta saɓe. Ya gyara famfon tsakar gida. Wani zuwan ma har ya tafi da ƙaramin ɗansa.

Matarsa ce ta ɗan taɓo zancen wata safiya, tana jera littattafan ɗalibai a jaka.

"Baban yara, ka lura kuwa wayar nan kullum ranar Alhamis take lalacewa? Ba ta taɓa yi ranar Litinin ba."

Ya tsaya da cokali a hannu. Ya ce lallai ta kawo magana. Ya ciro littafinsa ya rubuta cewa a duba ko akwai abin da wayar ke saukewa da kanta ranar Alhamis. Matar ta dube shi, ta rataya jakarta, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Da bincike ya ƙi ƙarewa, sai ya yanke shawarar toshe ƙofar gaba ɗaya. Wata Asabar bayan sun gama karatu, ya ɗauki wayar ya yi mintuna ashirin yana danne-danne. Ya mai da kansa mai iko da ita, ya sa kalmar sirri, ya bar wa Baba kira da saƙo kawai. Ba a iya goge komai, ba a iya sa komai. Yana yi wani abu na ɗan sukarsa a rai, don ya san sunan da yake kiran kamfanonin da ke yi wa mutane haka. Amma ya gaya wa kansa wannan daban ne, don kariya ce.

"Baba, na yi mata gyaran da ba za ta sake ba."

Baba ya karɓa, ya maƙala gilashi, ya shiga lalube da yatsa. Ya daɗe.

"Wurin nan da ake shiga, mai kamar haƙorin agogo, ina ya tafi?"

"Na rufe shi. Ai ba ka buƙatarsa."

Baba ya cire gilashin, ya goge shi da bakin riga, ya sa a aljihun tebur. Ya ce, "To, madalla. Sannu da ƙoƙari."

Gyaran ya yi, tsakani da Allah. Alhamis ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, lamba na nan daram. Kwance ya rubuta wa mutumin ƙasa mai nisa cewa an shawo kan matsalar. Asabar ɗinsa ta dawo hannunsa, ya cika ta da taron 'yan ƙungiyarsu ta masu son manhaja mai 'yanci da yawon shagunan waya. Baba ya saba aiko masa da saƙon murya kowace safiya, kalma uku ko huɗu, mun tashi lafiya. Saƙon ya koma sau biyu a sati, ya koma jefi-jefi, ya ɗauke. Kwance ya lura, ya ce zai leƙa sati mai zuwa. Haka aka yi wata biyar.

Ranar wata Laraba da hantsi, injin buga takarda na ta ruri, sai ga Yaya a ƙofar lungunsa. Ba ta taɓa zuwa maɗaba'ar ba. Ta ƙi zama. Ta ciro wani abu a naɗe cikin ƙyallen atamfa ta ajiye masa a kan tebur, ya buɗe ya ga wayar Baba da cajarta.

"Lalacewa ta yi?"

"Lafiyarta lau. Baba ne ya ce a kawo maka wayarka."

"Wayarsa dai."

"Ya ce taka ce. Ya ce shi ajiya aka ba shi, kuma ya gaji da riƙon ajiya."

Yaya ta jawo kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna, don ta ga maganar ba ta tsaye ba ce.

"Kai Kwance, wai da gaske ba ka sani ba, ko iya shege ne? Shi yake gogewa. Da hannunsa. Tun ranar da ka fara nuna masa yake kallon yatsunka, ka manta wanda ya haife ka? Ranar Alhamis zai sa gilashinsa ya zauna, ya fi rabin awa yana fama, in ya gama ya sake sa ta ya ƙwala min kira, ya ce ki ƙara hannu a girkin jibi. Ni da matarka har dariya muke yi. Mun ɗauka kai ma ka gane kana biye masa ne."

"Me ya hana shi ya ce in zo kawai?"

"Kai me ya hana ka zuwa ba a ce ba?"

Ta tashi ta gyara mayafinta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce idon Baba ya yi yana, tun wata uku da suka wuce, likita ya ce sai an yi aiki, shi kuma ya hana a gaya wa kowa. Ta ce ita ta faɗa, in ya ga dama ya kai ƙararta.

Kunya ce ta kama Kwance, irin wadda ba ta da wurin ajiyewa. Shekara guda yana neman wanda ya shiga tsakaninsa da mahaifinsa, har da rubuta takarda ƙasar waje, kuma da ya tashi kama shi sai ya kulle tsohon a waje ya riƙe makulli. Ya zauna ya cire kalmar sirrin, abin da bai ci minti biyu ba. Ya nemi izini wurin manaja, ya hau mota biyun.

Ya tarar da Baba a teburinsa, hannuwa a kan gwiwa, taga a buɗe. Agogunan bango suna tafiya, don yana murɗa musu makulli da lalube, amma kowanne da lokacinsa, tunda ba mai ganin da zai daidaita su. Kwance ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kwance ne? Yau Asabar ce?"

"Laraba ce, Baba."

"To. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wayarka na kawo. Na buɗe ta."

Ya sa masa a hannu. Baba ya juya ta, ya ɓalle marfin baya da farce, ya shafa batir, ya mayar. Bai nemi gilashi ba. Kwance ya shirya maganganu da yawa a cikin mota, na ban haƙuri da na asibiti, amma ya san in ya fara tsohon zai ce wane ido, wa ya ce maka. Ya bar ta asibitin zuwa bayan abinci.

Baba ya kunna wayar, ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta ta, ya sake kawowa. Yatsansa na yawo a kan gilashin bai sauka ko'ina ba.

"Wurin nan mai haƙorin agogo," ya ce, "sun dawo da shi?"

"Yana nan."

"Ban ga alamarsa ba."

Kwance ya matso. Ya kama yatsan mahaifinsa, ya ɗora a kan ɗan haƙorin, ya gangara da shi zuwa sunan manhajar, ya kai shi kan inda aka rubuta a goge. A nan ya saki.

"Nan ne, Baba. In ka danna, lambar za ta canza."

"Ai na sani."

Ya danna. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya gyara zama.

"Ka ga ta sake lalacewa. Sai yaushe za ka samu zuwa?"

"Asabar."

"Karatun fa? Ni yanzu ba na iyawa."

"Ni zan karanta duka biyun, kai ka riƙa ce min daidai."

Baba ya ɗan yi tunani, ya ce to, amma a yi a hankali, biyar-biyar, don shi ba ya son aikin gaggawa.